Kibiya Mai Kunne Ɗaya

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau sun sauko. Shekara goma sha tara ina ɗakin ƙasan nan, ban taɓa ganin takalmi mai ƙyalli ya taka matattakalarmu ba sai yau. Farfesa ne da mutum uku, 'yan kwamiti. Dogo, abokin aikina, ya kashe zarto, ni na cire audugar kunne. Suka ce akwati na 212 suke nema. Na kai su. Ba wanda ya buɗe, saboda ƙura. Suka sa na ɗauke shi na saka a kabad ɗin ƙarfe na kulle, sai babbansu ya tambayi wa ke riƙe mabuɗi. Farfesa ya dafa kafaɗata ya ce, "Wannan ai shi ne amanar gidan nan. A bar masa."

Aka bar mini. Ranar 21 za su dawo su buɗe.

Da suka hau, Dogo ya ce, "Mai Zarto, yau dai an san muna raye." Ban ce komai ba.

Littafin nan ragowar wata tsohuwar rajista ce. Ba ni da wanda zan gaya wa a ƙasar nan, bari in gaya wa takarda.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya da kwata na rana

Bari in jera abin yadda yake, ko na ji sauƙi.

Shekara arba'in da suka wuce aka haƙa rami mai zurfi a wani tsauni da ban taɓa gani ba, aka zaro dutsen cikinsa sanda-sanda, kaurin taɓarya, aka jera a akwatuna ɗari uku da wani abu. Na farko shi ne na kusa da tafin ƙafa, na ƙarshe shi ne na can ƙarƙashi. Kowane akwati ya girmi wanda ya gabace shi. Aikinmu ni da Dogo, a ce mu yanko wuri kaza, mu yanko, mu goge, mu zana kibiya a jikin guntun mai nuna inda sama take. Dutse in an yanke shi kai da gindi duk ɗaya ne. In ba kibiya, ba mai sanin yadda ya kwanta a cikin ƙasa.

A wani guntu na akwati 212 ne Mai Tabarau, ɗalibar Farfesa, ta ga zane-zane kamar ƙananan kwanuka a kife, wani kan wani. Kwano a kife alamar rai ce. Gansakuka ce irin ta farkon duniya, ta shimfiɗu a bakin teku, laka ta rufe ta, ta huda ta fito neman rana, laka ta sake rufewa, har ta gina ɗan tudu. Shekara biliyan uku da rabi da ɗoriya, in ji su. Aka buga a mujalla, 'yan jarida suka zo. Sama suka zo, ba nan ba.

Sai wani masani daga wata jami'a ya dubi hoton fuskar dutsen, ya rubuto cewa yashin da ke jiki ya ƙaryata su. Duk wanda ya taɓa ajiye ruwan rafi a bokiti ya sani, tsakuwa ke fara kwanciya, sai yashi, laka a ƙarshe. A hoton nasu tsakuwar ce a sama. Ke nan dutsen ne aka kife. In ka juya shi daidai, kwanukan a buɗe suke, kuma kwano a buɗe ba komai ba ne, laka ce ta lotsa da nauyi ya danne ta.

A rajistar fitar da dutse, sa hannun Mai Tabarau ne a gaban guntun. Suna cewa ita ta juya shi da gangan don ta ga abin da take so. In suka tabbatar, korarta za su yi. Shekara biyar ta tafi a iska, kuma ba ɗakin binciken da zai ƙara buɗe mata ƙofa.

Iyakar abin da na sani ke nan.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ruwa tun asuba. Ba iyakar abin da na sani ke nan ba.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mai Tabarau ta sauko. Sun hana ta shiga ɗakin madubin ƙara girman abu, sun karɓe katinta, amma ba wanda ya tuna ya hana ta ɗakin ƙasa, don su a wurinsu nan ba wuri ba ne. Ta zauna a kan fankon akwati inda ta saba zama.

"Baba, akwai ruwan zafi?"

"Akwai, 'yata."

Dogo ya ce, "Ranki ya daɗe, ashe ke ce kika kife duniya? Don Allah in kin sake tashi, ki juya min ita in dawo sama, na gaji da ɗakin ƙasa."

Ta yi dariya, har sai da ta cire tabarau ta goge. Ba dariyar ce kaɗai ta jiƙa shi ba, amma muka yi kamar ba mu gani ba.

Ta dubi kabad ɗin sau ɗaya. Ni ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Ta sha shayinta ta wanke kofin, ta kife shi, sai ta tsaya tana kallonsa, ta sake juya shi ta bar shi a buɗe.

Ni na koya mata riƙe dutse a bakin zarto, shekararta ta farko. Ɗaliban Farfesa goma sha ɗaya suka wuce ta hannuna. Ita kaɗai ta taɓa tambayata ko ina da iyali.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Takarda daga ofishin ma'aikata. Takardar zamana za ta ƙare nan da wata biyu, in kawo fom a sa hannu kamar kullum. Ita da aikin nan tif da taya ne, in ɗaya ya fashe ɗayan ya kwanta. Saura shekara ɗaya in cika ashirin, a ba ni ta dindindin, in daina bin layi da fayil a hammata kamar marar gaskiya.

Shekara ɗaya. Dutsen da ke ƙarƙashin kofina ya yi biliyan biyu yana jira, bai ce uffan ba.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Yaya ya kira daga gida.

"Har yanzu kana gadin duwatsun?"

"Ina yi."

"Ba wanda ya gudu?"

"Ba ko ɗaya."

"To madalla. Mu nan namu duwatsun ba mai gadinsu, kuma suna nan."

Shekara goma sha tara wasan nan ɗaya yake yi mini, ni kuma ina yi masa dariya ɗaya. Ya ce rufin ɗakin Inna ya fara yoyo, ya rasa ko ya gyara ko ya bar shi, tunda ba mai kwana a ciki. Na ce ya gyara. Ya ce, "Wa zai shiga?" Na ce layin ba kyau, ba na jin sa sosai.

Layin lafiya lau yake.

Lahadi, 10 ga wata, la'asar

Na yi wanki. Mabuɗin yana aljihun wandon, sai da na ji yana buga injin.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Ba aiki. Na sama sun tsayar da komai. Na ɗauki tsintsiya na bi layin akwatunan daga farko har ƙarshe, kamar yadda nake yi in raina ya ɓaci.

Ban yi karatun su ba, amma na ji suna faɗa har na haddace. A akwatunan farko akwai ɓawon katantanwa da wasu ƙwari masu sulke, kana ganinsu da ido. Taku goma ka wuce su. Daga nan sai shiru. Toka-toka, akwati bayan akwati, shekara biliyan guda ba abin da ya faru sai laka kan laka. Dogo na kiran wurin nan "aikin gwamnati." Sai ka iso na ɗari da tamanin, dutse ya koma ja da baƙi, ja da baƙi, layi-layi, mai nauyin tsiya, shi ya ɓata min baya. Tsatsa ce. Teku ne ya yi tsatsa.

Mai Tabarau ta taɓa yi min bayani tana zaune a kan fankon nan. Ta ce da can ba iskar da muke shaƙa, tekun kore ne saboda ƙarfen da ya narke a ciki, sama kuma ba shuɗiya ba ce. Gansakukar nan ce ta yi ta cin hasken rana tana fitar da numfashi, numfashin ya kama ƙarfen teku ya mai da shi tsatsa, da ƙarfe ya ƙare ya cika sama. Iskar da muke rayuwa da ita ke nan. Amma ga sauran ƙananan halittun lokacin guba ce, ta kashe mafi yawansu, waɗanda suka tsira suka gudu cikin taɓo, har yau suna can.

Na ce, "To ai ta yi kisan kai."

Ta ce, "Ba da gangan ba, Baba. Numfashi kawai take yi."

Na ce wanda ya mutu ina ruwansa da gangan.

A lokacin wasa nake.

Bayan 212 dutse baƙi ne ƙirin, wanda ya fito daga wuta ya daskare. Gaba da akwatin ƙarshe kuwa ba abin da aka ajiye, sun ce ƙasar ta narke ta cinye tarihinta. Wuta a ƙasa, duwatsu na faɗowa daga sama, sannan ruwa ya sauka shekaru ba adadi ba wanda zai ce kai, wannan ruwa. Allah Shi ya san tsawon kwanakinSa, ni ban taɓa ganin abin faɗa a nan ba. Na jingina tsintsiya a bango na daɗe a tsaye. Wuri ne mai kyau ga wanda ba ya son a tambaye shi komai.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe uku na rana

Dogo yana goge faifan zarto, bai ɗago ba, ya ce, "Mai Zarto, me ya sa kibiyarka kunne ɗaya gare ta? Kowa biyu yake yi."

Na ce haka babanmu ke sa wa buhunansa alama, hannuna ya saba.

"Na sani, ka taɓa faɗa min. Tunawa kawai na yi." Ya hura faifan. "Manya dai ba su san kibiya na da kunne ba. Hoton da aka buga ma fuskar dutsen ce, ba bayansa ba."

"Me kake nufi?"

"Ni? Ina da nufi ne? Ni da aka ɗauka don tsawona, in riƙa sauko da akwatin sama."

Ban ce komai ba.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Laraba ce ita ma, bara waccan. Na yanko guntun, kai da gindi sumul, yana kan tebur ban riga na zana ba. Waya ta yi ƙara. Yaya ne, kuma Yaya ba ya kira ranar aiki.

Ba zan rubuta abin da ya ce ba.

Fasfona yana ofishin ma'aikata a lokacin, ana sabunta takarda. Sati shida suka riƙe shi. Ko da a hannuna yake ma ba za a jira ni ba, kafin la'asar an gama.

Abin da na tuna, gwiwar hannuna ta bugi tebur. Na tuna ƙarar abu yana gangarawa a siminti har ƙarƙashin famfo. Na tuna na durƙusa na ɗauko. Na tuna murfin alƙalami a bakina. Sai na gan ni a tashar mota ba hula.

Ita ta sauko daga baya ta tarar da shi a kan tebur da alamarsa, ba kowa, ta sa hannu a rajista ta ɗauka. Washegari ta kawo min hulata, ta yi min gaisuwa. Ita da Dogo ne kaɗai suka yi min a ginin nan.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Farfesa ya sauko shi kaɗai. Ya tsufa a kwana goma. Ya tsaya gaban akwatunan tsatsa yana shafa su.

"Shekara talatin ina neman abin nan," ya ce. "Da ta kawo min, ban dubi yashin ba. Ni da nake koyar da yashin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskure ai na kowa ne."

"Kwamiti ba kuskure suke nema ba, mutum suke nema." Ya juyo. "Kana ganin za ta iya?"

Ga ƙofa a buɗe, har da mai riƙe min labule. Na ce, "Allah kaɗai Ya san zuciyar bawa."

Ya gyaɗa kai ya hau.

Ina so in tsane shi, ya ƙi tsanuwa. Gaskiya ne ya sa sunansa a gaban nata ranar daɗi, ranar wuya ya koma bayanta. Amma shekara tara da suka wuce da aka so rage ma'aikata, shi ya hau har ofishin shugaba ya ce in an sallame ni a haɗa da shi. Ban manta ba. Tsoro ne ya kama shi, kuma ni ne na ƙarshen wanda zai yi wa wani gorin tsoro.

Allah kaɗai Ya san zuciyar bawa. Ji min ƙarya da sunan Allah a ciki.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe biyar da minti goma na yamma

Dogo ya tafi da wuri, haƙori na damunsa.

Na buɗe kabad. Don in duba kawai.

Ɗan layi ne da bai kai tsawon farce ba.

Yanzu kunne biyu gare ta.

Asabar, 16 ga wata, hantsi

Ban fita ba. Yaya ya kira, ban ɗauka ba.

Lahadi, 17 ga wata, azahar

Sabuwar tawada ta fi tsohuwa baƙi. Ban yi wannan tunanin ba. Amma su ba za su lura ba, ba sa kallon abin da hannu ya yi.

Abin da ya fi damuna ke nan, ba za su lura ba.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Ta sauko, Dogo yana wurin likitan haƙori. Ba ta nemi shayi ba.

"Baba, na ga kana ramewa. Na zo in gaya maka ka kwantar da hankalinka."

Na ce hankalina a kwance yake.

"Akwai hoto a wayata, na ranar da na ɗauki dutsen. Gaba da baya na ɗauka, haka ka koya min." Ta gyara tabarau. "Na goge shi. Tun ranar da wasiƙar mutumin nan ta zo."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Don me?"

"Na san hannunka, Baba. Na san kuma wace rana ce."

"Wannan ai shi ne shaidarki."

"Ina da ido. Yashin yana gabana wata takwas a ƙarƙashin madubi. Na ga abin da nake so in gani, wannan laifina ne ba na kowa ba. Zan ce musu ban tuna wanda ya zana ba."

"Za su kore ki."

"In sun kore ni, gidanmu mota ɗaya ce. Kai fa? Saura maka shekara ɗaya, Dogo ya gaya min."

Na ce mata ita yarinya ce, ba ta san abin da take zubarwa ba. Har na ɗaga murya. Ta ce, "To ka yi min faɗa, amma ka ci abinci." Ta ajiye min lemo biyu a kan tebur ta hau.

Ita ta goge nata don ta rufe ni. Ni na ƙara nawa don in binne ta. A wata ɗaya, a gini ɗaya.

Ban ce komai ba. Na gaji da rubuta wannan layin.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Dogo ya dawo da kumburarren kunci. Ya dubi kabad, ya dubi ƙurar da hannuna ya share a jikin ƙofar, ya dube ni. Yau bai yi wasa ko ɗaya ba. Da lokacin abinci ya yi ya ɗauki kwanonsa ya hau matattakala ya zauna can. Shekara goma sha ɗaya muna ci a tebur ɗaya.

Lemon suna nan.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na goge farar rigata. Na cike fom ɗin takardar zama, na sa shi a fayil, na ajiye fayil ɗin a kan firij. Ban san don me na cike ba. Hannu ne, ya saba.

Na tsaya a taga. Gansakuka ta kama bangon maƙwabta inda bututu ke yoyo, kore shar. Jikar waccan ce. An kankare ta sau uku tun zuwana gidan nan.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ƙarfe goma suka sauko, su ukun da Farfesa da ita, da wata mai rubutawa. Na buɗe kabad, na ɗora akwatin a tebur. Babbansu ya sa safar hannu ya ɗaga guntun kamar ƙwai. Ya juya, ya ga kibiya, ya nuna wa sauran. Bai ga komai ba, kamar yadda na ce.

Ya tambaye ta, "Ke kika zana wannan?"

Ta miƙa wuya ta duba. Na ga lokacin da ta ga kunne na biyu. Ba ta dube ni ba. Ta cire tabarau, ta mayar, ta buɗe baki.

Na ce, "Ni na zana."

Babban ya ce, "Malam, ba kai aka tambaya ba."

"Shi ya sa aka kai yau."

Na ce wa Dogo ya sauko da kowane akwati ya ga dama. Ya sauko da uku, ya buɗe. Kibiyoyina ne reras, ɗaruruwa, kowace da kunne ɗaya. Na ce su dubi ta hannunsu da kyau, a gaban fitila. Kunne ɗaya ya koɗe ya yi ruwan ƙasa, ɗayan baƙi wuluk.

"Koɗaɗɗen na bara waccan ne," na ce. "Dutsen ya faɗi, na ɗauka ban duba ba, na zana a juye. Wannan kuskure ne. Baƙin na Juma'ar da ta wuce ne, da mabuɗin da kuka ba ni. Wannan ba kuskure ba ne."

Mai rubutawa ta tsaya da rubutu. Babban ya ce ta ci gaba.

Farfesa ya ce, "Me ya sa ba ka gaya min ba? Na tambaye ka. A nan, a tsaye."

"Ka tambaye ni, ranka ya daɗe."

Ɗaya daga cikinsu, mai ƙaramin gemu, ya tambayi abin da ya sa dutsen ya faɗi. Ita ta fara cewa, "Ranar ce aka," na ce mata a'a. Na ce hannuna ne ya buge shi. Ba zan kawo Inna gaban kwamiti ta roƙar min ba. Ban je nata ba, ba za ta zo nawa ba.

Suka karɓi mabuɗin. Babban ya miƙa wa Dogo, Dogo ya sa hannuwansa a baya ya ce haƙori ya hana shi riƙe ƙarfe. Sai mai rubutawa ta jefa a jakarta.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe tara na safe

An ce in zauna a gida sai an neme ni. Na ci lemo ɗaya. Ya fara bushewa.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe uku na rana

Wasiƙa ta zo. Layi shida. Kuskuren farko sun yafe, na biyun ne ba su yafe ba. Ban ga laifinsu ba, ni ma haka zan yanke. Kwana talatin in bar ƙasar.

Ita an wanke ta, da jan kunne a rubuce kan rashin duba yashi. An janye abin da aka buga. Farfesa zai yi ritaya ƙarshen shekara, wai don lafiyarsa. Abin da aka faɗa a sama ban sani ba, ba kuma zan sani ba.

Da azahar ta zo har gida, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shigowa.

"Da ka bar shi da kunne ɗaya, Baba, da jan kunne kawai za su yi maka."

"Na sani."

"To don me?"

"Tsoro, 'yata."

Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma roƙa ba. Ta ce za ta fara daga farko, a akwati na 190, akwai wasu kwanuka a can, ba su kai waɗancan tsufa ba amma ta duba yashinsu sau goma.

Na ce, "Waɗancan fa?"

"Ba su taɓa rayuwa ba. Laka ce kawai." Muryarta ta karye a nan, ba a kan shekarunta ba, ba a kaina ba. Wata takwas tana gaishe su kowace safiya.

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Dogo ya zo da kwalaye da igiya. Shekara goma sha tara ta shiga kwali biyar, har da sauran wuri. Da muka ɗaure na kwanuka ya zaro baƙin alƙalami daga aljihu ya miƙo min.

"Zana musu, kada su kife maka kaya a jirgi. Amma don girman Allah buɗe ka duba tukuna."

Na kwance igiyar, na buɗe, na duba, na sake ɗaurewa. Na zana. Kunne ɗaya. Ya tsaya yana kallo, ya ce a hankali, "Ɗan banzan hannu," ya juya yana neman abin da bai ɓata ba.

Da ya tafi na kira Yaya. Na ce ina zuwa. Bai tambayi hutu ne ko me ba, bai yi wasan duwatsu ba. Ya ce ya gyara rufin tun satin da na ce.

Na ce ina so ya kai ni wurin Inna ranar da na sauka, kafin in shiga gida.

Ya ce damina biyu ta wuce a kai, ƙasar ta kwanta, itacen da suka kafa ma gara ta cinye, ba wata alama.

Na ce to yaya za a yi in san inda zan tsaya.

Ya ce, "Kai dai ka zo. Ni na sa ta da hannuna, na san inda kanta yake."